Sifili a gaban lamba: me ke gaskiya, me ke ƙarya?

Da damina ta kawo kai, saƙonnin tallafin taki da rancen noma sukan cika wayoyin manoma daga Tsiga har Funtua da Malumfashi. Wasu suna zuwa da mahaɗi marar suna, sai jerin lambobi zalla. Ana ta maganganu a kansu a majalisu da shagunan POS, to bari mu rairaye tsaba daga tsakuwa.

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi. Tsarin da aka fi sani, IPv4, an kafa shi a 1981: lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255. Wanda ya taɓa sauya kalmar sirrin MiFi ɗin Huawei ya san 192.168.8.1.

Ana cewa sifilin farko ado ne, a sa ko a cire duk ɗaya. Wannan ƙarya ce. Mun saba da lambar waya, inda 0803 ke zubar da sifilinta in an sa +234, kuma kira ya shiga. A adireshin intanet kuwa, manhajoji da dama suna ɗaukar sifilin farko a matsayin umarni: ƙirga takwas-takwas, kada ka ƙirga goma-goma. Kamar ka ce wa mai awo "goma" ne, kai kana nufin tiya, shi ya auna da mudu. A wannan ƙidaya, 010 takwas ce. Rubuta 192.168.010.1 a Chrome ko Firefox, zai kai ka 192.168.8.1. Ka rubuta 08 kuma, ba zai karɓe shi a matsayin adireshi ba, don alƙaluman wannan ƙidaya a 7 suke tsayawa. Ɗabi'ar gado ce daga harshen shirya manhaja na C da tsarin Unix na jami'ar Berkeley a Amurka, tun shekarun 1980.

Ana cewa lamba guda doguwa marar ɗigo ba za ta zama adireshi ba. Shi ma ƙarya ne. A cikin kwamfuta lambobin huɗu dunƙule suke wuri guda. Adireshin Google na 8.8.8.8 daidai yake da 134744072, kuma 127.0.0.1, wanda ke nufin na'urar da ke hannunka, ana iya rubuta shi 2130706433 ko 0177.0.0.1.

Ana cewa mazambata na amfani da wannan don ɓad da kama. Wannan kam gaskiya ne. Inda matsalar take, manhajoji ba su yi ittifaƙi ba: mai gadi ya karanta 0177 a matsayin 177 ya buɗe ƙofa, mai isar da saƙo ya karanta 127 ya nufi cikin gida. A 2021 an gano irin wannan ɓaraka a manhajar netmask da ɗimbin ayyuka suka dogara da ita, da kuma a harshen Python. A shekarar, harsunan shirya manhaja na Python da Go suka koma ƙin karɓar adireshi mai sifili a gaba.

Ana cewa ganin lambar kaɗai, ko wani ya san adireshin wayarka, ya isa a kwashe kuɗin asusunka. Wannan zuzutawa ce. Adireshi kwatance ne kawai, kuma kamfanonin waya kan haɗa mutane da yawa a kan adireshi ɗaya. Ɓarnar tana faruwa ne bayan ka latsa, shafin ya nemi BVN, lambar katin ATM, PIN ko OTP, ko ya ce ka sauke wata manhaja, kai kuma ka yarda.

Abin da ke damuna, kuɗin masara da auduga na shekara guda suna iya salwanta a minti biyu. Galibin hukumomin gwamnati adireshinsu na ƙarewa da .gov.ng, bankuna kuma da sunansu suke zuwa. Mahaɗin da ya zo maka lambobi tsirara, kada ka taɓa shi. Je reshen banki a Funtua, ko ka tambayi malamin gona, kafin ka tura wa ɗan'uwanka.