Tasbihin Nana Faɗima da gajiyar mumini

Akwai gajiyar da barci ba ya maganinta: jiki ya mutu, zuciya kuma ta yi sanyi da ibada. Gidan Annabi (SAW) ma ya san irinta.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa niƙa ya ci hannun Nana Faɗima, har ta je neman hadimi wurin mahaifinta. Bai ba ta ba. Ya same ta ita da Sayyidina Ali sun riga sun kwanta, ya zauna tsakaninsu, ya koya musu Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34 kafin barci, ya ce wannan ya fi musu hadimi. Dutsen niƙa yana nan, zuciyar da za ta tunkare shi ce aka ƙarfafa. Ibnul Ƙayyim ya ambata cewa malaminsa Ibnu Taimiyya yana ganin wanda ya lizimci wannan zikiri gajiya ba ta kayar da shi.

Masu takura wa kansu a ibada kuwa, su duba igiyar da Nana Zainab ta ɗaura a masallaci don ta riƙa kamawa in tsayuwar dare ta gajiyar da ita. Annabi ya sa a kwance ta, ya umarci wanda ya gaji da nafila ya zauna.