Idan Kujerarki Ta Fara Kawo Kuɗi: Maganar Haraji da Doka

Ni dai ba da niyyar sana'a na fara ba. Lokacin da za a aurar da 'yar yayata ne na sa kafinta ya buga min 'yan kujeru huɗu na katako zalla, na sayo soso da yadi na lulluɓe su da hannuna, na kuma ɗinka tum-tum biyu na cika su da ƙyallayen da tela ke zubarwa. Gudummawata ke nan. Ranar jere mata suka yi ta tambayar wa ya yi wannan. Daga nan wannan ta ce a yi mata biyu, waccan ta ce ita huɗu take so, har na ci rance a akwatin ƙungiya na ƙara jari. Ban ankara ba sai ga ni a kasuwa da kaya a gabana.

A kasuwar ne wata rana wani mutum ya tsaya a kaina ya ce in kawo kuɗin haraji. Gabana ya faɗi. Na kwance bakin zane na ba shi abin da ya ce, bai ba ni ko guntun takarda ba. Da kasuwa ta zagayo sai ga wani daban, shi ma haka. Abin da ya sa na shiga tambaya ke nan, kuma abin da na koyo shi zan faɗa muku a nan. Bayanin na Najeriya ne. 'Yan'uwanmu na Nijar dokarsu daban take.

Iyayenmu idan suka ji kalmar haraji, abin da suke tunawa shi ne kuɗin da ake ɗora wa kowane baligi namiji, mai unguwa ya bi gida-gida, da kuma jangali na shanu. A Kano da Kaduna gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke waɗannan tun 1979. Shi ya sa har gobe wasu ke cewa mace ba ruwanta da haraji. To, harajin yanzu ba na kai ba ne, na abin da mutum ya samu ne, kuma bai ware mace ba. Ba ya tambaya ko kina da shago ko a tsakar gida kike aiki, ko kuɗin a hannu aka ba ki ko ta waya aka turo. Kujerar da kika yi wa ɗakinki, ko kika kai gudummawar biki, wannan babu ruwan hukuma da ita. Amma ranar da kika fara yi kina sayarwa a kai a kai don ki samu wani abu, sunan abin sana'a, ko da ke a ranki kina ganin rage zaman banza ne kawai.

Kada hankalinku ya tashi. Sabuwar dokar haraji da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta ce Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Abin da ya haura nan, har ya kai miliyan 3, shi ake cire wa 15 cikin 100. Kuma ga mai sana'a, riba ake dubawa, ba kuɗin ciniki ba. Nan ne yawancinmu muke ruɗewa, don haka bari mu yi lissafi a hankali.

A ce kina sayar da kujera ɗaya Naira 6,000. Kafinta da katako sun ci 2,500. Soso da yadi 1,500. Ƙusa da gam 300. Kuɗin mota zuwa kasuwa, idan aka raba wa kowace kujera, 200. An kashe 4,500 ke nan. Abin da ya rage miki, ribarki, 1,500 ne. A ce kuma kina sayar da guda 20 a wata. Kuɗin da ya ratsa hannunki a shekara ya kai Naira 1,440,000. Duk wanda ya ji wannan adadi zai ce ai Hajiya ta yi arziki. Amma ribar shekarar gaba ɗaya 360,000 ce, ko rabin 800,000 ba ta kai ba. Wannan matar ba a bin ta ko kwabo na harajin samu.

Wata kuma Allah ya buɗa mata, ribarta ta kai miliyan ɗaya cif. Za a ajiye 800,000 a gefe, a cire 15 cikin 100 na 200,000 da suka rage, wato Naira 30,000 a shekara. Sai dai ku lura, haɗa samun ake yi. Idan ban da kujeru kina yin ƙuli-ƙuli, ko kina karɓar albashi a makaranta, duk za a tara su wuri guda a duba ko sun wuce wancan adadi. Samun maigida kuwa nasa ne, naki naki ne, ba a gama su.

Yanzu ga tambayar da na fi so ku riƙe. Matar farko, mai ribar 360,000, da me za ta nuna cewa ribarta ke nan? Idan ma'aikaci ya ga kuɗi sama da miliyan sun shiga asusunta na banki, ita kuma ba ta da abin nunawa sai rantsuwa, doka ta ba hukuma damar yi mata ƙiyasi. Ƙiyasi kuwa ba ya sanin cewa soso ya yi tsada a watan azumi, ko cewa kujeru uku sun lalace da ruwa ya zuba a ɗaki. Littafi ne kawai ya san wannan.

Ba wani littafi mai wahala ba ne. Irin na 'yan makaranta ya isa. Shafin dama a rubuta abin da ya shigo, shafin hagu abin da ya fita, kowanne da ranarsa. Wadda ba ta iya boko ba ta rubuta da ajami, ko ta sa ɗanta ya rubuta mata da yamma kafin ta manta. Rasit ɗin mai soso da na mai yadi a soke su da allura a bayan littafin. Kafintan ƙauye ba shi da rasit, na sani. A rubuta abin da aka ba shi, ya sa hannu ko ya dangwala. Mu da muke rubuta zubin kowace mace a littafin ƙungiya duk mako, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ni sai da na fara rubutun ma na gane cewa tum-tum ɗin da nake alfahari da shi kusan aikin banza nake yi, ribar tana cikin kujeru.

Akwai kuɗin da za su shigo hannunki amma ba samu ba ne, su ma a rubuta su a shafinsu daban don kada su cakuɗe da ciniki. Rancen da kika ci a akwati bashi ne, biya za ki yi. Kwasar adashi kuɗinki ne da kika tara suka dawo miki. Gudummawar biki ko ta suna kyauta ce. Ina faɗin haka ne saboda jita-jitar da ta yaɗu cewa duk kuɗin da ya shiga banki gwamnati za ta yanki rabonta. Ba haka ba ne. Naira 50 da ake cira idan an tura 10,000 ko fiye, wannan wani kuɗi ne daban na tura kuɗi, ba shi ne harajin samu ba. Zakka ita ma daban take, biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗaya.

Sannan wata shawara daga ni: a daina ba masu saye lambar asusun maigida ko ta ɗa. Na san da yawanmu haka muke yi don sauƙi. Amma kuɗin da ya shiga asusun wani, a takarda nasa ne. Ranar da aka samu saɓani, ko Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, sai ki rasa yadda za ki nuna cewa guminki ne. Ki buɗe naki da sunanki.

Wa ke da ikon karɓar me? Harajin samu na mutum ɗaya mai sana'a, hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune ita ke karɓa, ba ta tarayya ba. A can ake bayyana samun shekarar da ta wuce, kafin ƙarshen watan Maris. Lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, ita ce yanzu take zama lambar harajin mutum, don haka wadda ba ta yi katin ba ta daure ta yi. Ƙaramar hukuma kuwa nata shi ne kuɗin kasuwa, da na rumfa, da na shago. Wannan ana biyansa ko an ci riba ko ba a ci ba, domin kuɗin wuri ne. Wato mutumin da ya tsaya a kaina, mai yiwuwa yana da gaskiyar karɓar kuɗin kasuwa. Inda na yi wauta shi ne da ban ce ya ba ni rasit mai sunan ƙaramar hukuma da adadin kuɗin ba. Idan ya ƙi, ba sai an yi cacar baki ba, a ce masa a je wurin sarkin kasuwa tare. Tare hanya da gungume don karɓar haraji kuwa, dokar 1998 da ta jera harajin da kowace gwamnati za ta karɓa ta hana shi.

Maganar rajista ba ta da tsawo. Idan da ainihin sunanki kike sana'a, dokar kamfanoni ta 2020 ba ta tilasta miki rajistar suna ba. Idan kuwa kika raɗa wa sana'ar wani suna, kika buga shi a allo ko a kati, to sai an yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, cikin kwana 28 da fara aiki da shi. Banki ma ba zai buɗe miki asusu da sunan ba sai da takardar. Idan ƙungiya ce gaba ɗaya za ta haɗa jari ta riƙa yin kayan, ya fi dacewa a bi ta ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha.

Amma in faɗa muku gaskiya, a cikin matan da na sani, waɗanda sana'ar nan ta kai gaban mai unguwa ko alƙali ba haraji ne ya kai su ba. Kafin alƙalami ne. Uwar amarya ta kawo rabin kuɗi wata biyu kafin biki. Ke kuma kika taɓa kuɗin don wata lalura, kafin ki sayi soso farashi ya tashi. Ranar jere ta matso, kaya ba su haɗu ba. Ko kuma kin gama tsaf, ta zo ta ce ai ba wannan launin ta ce ba, ba za ta cika ba. Ke kina cewa ja, tana cewa ruwan goro, babu mai shaida. Saboda haka duk aikin da aka ba ki, a rubuta shi a littafin nan: guda nawa, wane yadi, nawa ne kuɗin, nawa aka bayar, nawa ya rage, yaushe za a karɓa. A yanko ɗan ƙyallen yadin da ta zaɓa a manna a shafin. Ku sa hannu ku biyu a gaban mutum biyu, zai fi kyau a ce ba 'yan ɗakinku ba ne. Kuɗin kafin alƙalami kuma a je a sayi kayan aikin da shi a makon, kada ya kwana biyu a ɗaki. Wasu za su ce ai wannan rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa. Ni da aka taɓa yi mana sulhu da maƙwabciyata a kan kujeru shida, har yau gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba, ban ɗauke shi haka ba.

Sai katako. Idan a 'yan katako kika saya, ki karɓi rasit. Idan wani ya kawo miki itace da araha daga daji, ki tambaye shi inda ya saro. Sare bishiya a gandun daji na gwamnati ba tare da izini ba laifi ne, kuma malaman daji suna iya kama kayan a hannun duk wanda suka same shi, ke kuma kuɗinki ya tafi.

A zama mai zuwa, duk wadda ke yin kujera, ko tum-tum, ko katifa da filo na sayarwa, ta zo da littafi sabo da rasit ɗin da take da su a gida. Za mu zauna da magatakardar ƙungiya mu fitar wa kowa ribar wata ɗaya, mu ninka sau 12, kowace ta ga inda ta tsaya a kan 800,000 ɗin nan.