Ko Kun Sani? Faɗin Bututu Ya Fi Ƙarfin Inji Tasiri

Danƙon ruwa, wato turjiyar da abu mai gudana yake yi saboda gugar sassansa da juna, shi ne ya sa zuma ba ta zuba da saurin ruwan sha, kuma shi ke cinye ƙarfin injin ban-ruwa a cikin bututu. Gotthilf Hagen, injiniyan Jamus, a 1839, da Jean Poiseuille, likitan Faransa mai nazarin gudanar jini, a 1840, sun nuna cewa idan ruwa yana tafiya a natse, ninka faɗin bututu sau 2 yana ninka yawan ruwan da ke wucewa sau 16, muddin matsin turawa da tsawon bututun ba su canja ba.

A 1883, Osborne Reynolds na Manchester a Ingila ya tabbatar da cewa idan gudu ya yi yawa, ruwan yakan hargitse, dokar ta daina aiki. Irin wannan gudun ne ake samu a tiyon manoman rani na fadamun Jabo, Tambuwal da Kebbe a jihar Sakkwato, amma duk da haka idan an ninka faɗin tiyon sau 2, ƙarin ruwan yakan haura sau 5, abin da ya kamata manomi ya auna kafin ya kashe kuɗinsa kan babban inji mai shan fetur.

Ana samun darussan wannan fanni kyauta a intanet, daga NPTEL ta Indiya da MIT OpenCourseWare ta Amurka, kuma sun cancanci kulawar ɗaliban injiniyanci na jihar Sakkwato.