Idan Birkin Motar Ƙungiya Ya Yi Laushi

'Yan'uwa, da kaka ta yi motar ƙungiya ba ta da hutu. Yau buhunan masara zuwa kasuwa, gobe itace, jibi mai naƙuda zuwa asibiti. Mukan kula da inji da taya, amma birki sai ran da ya ƙi kamawa muke tunawa da shi.

Birki yakan nuna alama tun kafin ya mutu. Kowace safiya direba ya ta da inji, ya taka birki da ƙarfi, ya riƙe kamar rabin minti. In ya ji tauri, ƙafarsa ba ta motsa ba, madalla. In ya ji laushi kamar soso, iska ta shiga hanyar mai. In kuwa ƙafar tana nutsewa sannu sannu har ƙasa, to, ko mai yana yoyo, ko robar cikin masta ta lalace. Masta shi ne ɗan famfon da yake tura man birki zuwa tayoyi huɗu.

Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur. Yakan ɗan ragu a hankali yayin da birki yake cinyewa, amma in ana ƙara shi kowane mako, akwai inda yake zuba. A leƙa bayan kowace taya da jikin tiyo, a nemi wurin da ya jiƙe. Ƙarin mai ba gyara ba ne. Mun ga masu zuba baƙin mai ko ruwan sabulu don su kai gida. Kada a yi! Baƙin mai yakan kumbura robobin duka, ruwa kuma yakan tafasa in birki ya yi zafi, sai feda ta tafi ƙasa. A duba murfin robar man, a sayi irin da aka rubuta, DOT 3 ko DOT 4. Man yana shan laima daga iska, saboda haka a sake shi duk shekara 2.

Cire iska aikin mutum biyu ne, bayan an gyara yoyon. A fara da tayar da ta fi nisa da masta. Ɗaya ya taka sau uku ya riƙe, ɗayan ya sassauta ɗan nonon da yake bayan taya da sifana, mai da kumfa su fita, ya ɗaure kafin a ɗaga ƙafa. A yi ta yi har kumfa ta ƙare. Kada a bar robar man ta bushe, in ba haka ba sai a koma farko.

In ana jin ƙarar ƙarfe yana gugar ƙarfe, ko mota tana ja gefe ɗaya in an taka, a kai wa makanike ran nan. A sake na hagu da na dama tare, ko da ma'aji zai yi gunaguni.

A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, ko lafiyayyen birki yakan yi zafi ya saki in kaya sun yi nauyi. Direba ya sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar, ya riƙa taka birki yana saki.