Rijiyar Kusugu: Daren da baƙo ya ƙi jiran Juma'a

Har yau maziyarta Daura na tsayawa a Rijiyar Kusugu su sha ruwanta, amma a cewar tarihin baka, a da sai ranar Juma'a kaɗai macijiya Sarki ke barin a ɗiba.

Da dare Bayajidda ya iso garin, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce sai Juma'a. Mutanen gari sun daɗe da sabawa da wannan amsa. Shi kuwa sai ya ari guga, ya ɗauki wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya nufi rijiyar. Macijiyar na fito da kai ya sare shi, ya ɓoye.

Wannan ɓoyewar ce ta raba gardama washegari, domin da yawa sun yi iƙirarin su suka kashe ta, amma kan yana hannunsa.

Sarauniya Daurama ta yi masa tayin rabin gari. Da wani ne da ya karɓa da godiya. Bayajidda ya ce aurenta yake so. Ɗansu Bawo ne ya haifi sarakunan shida daga cikin Hausa Bakwai.