Bikin Yule na Mabiya Wicca: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Duk shekara, ranar 21 ko 22 ga Disamba, rabin duniya na arewa yana samun darensa mafi tsawo. A daren ne mabiya addinin Wicca, waɗanda suka fi yawa a Birtaniya da Amurka, suke bikin Yule. Maganganu sun yi yawa a kan bikin, don haka ya kamata a raba tsaki da tsakuwa.

"Shaiɗan suke bauta wa." Wannan ƙarya ce, domin babu Shaiɗan a aƙidarsu. Abin bautarsu biyu ne, mace da namiji mai ƙaho, kuma ƙahon ne ya sa wasu suka ɗauka Iblis ake nufi. A wajensu, a daren Yule macen take haifar rana, shi ya sa yini yake fara tsawo daga nan.

"Ana zubar da jini a bikin." Ita ma ƙarya ce. Kyandir suke kunnawa, su ƙona gungumen itace, su ƙawata gida da ganyen da sanyi ba ya kashewa, su ci abinci tare. Wasu kan kwana a farke don ganin fitowar rana.

"Addinin ya kai dubban shekaru." A nan gaskiya ta haɗu da ƙari. Sunan Yule tsoho ne a arewacin Turai, har malamin coci Bede ya ambace shi a ƙarni na 8. Amma Wicca sabo ne. Gerald Gardner, ɗan Ingila, shi ya fito da shi fili a littafinsa na 1954, bayan an soke dokar hukunta maita a 1951. Masanin tarihi Ronald Hutton ya nuna a 1999 cewa a ƙarni na 20 aka tsara addinin.

"Su suka gina Stonehenge." A'a. Stonehenge tsohuwar da'irar duwatsu ce a Ingila. An kafa manyan duwatsun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna fuskantar inda rana take faɗuwa a yinin Yule. Mabiya Wicca masu ziyara ne kawai.

"Ko'ina a Disamba ake yi." Ba haka ba ne. A Ostareliya a watan Yuni suke yi, lokacin da sanyinsu yake zuwa.

Ba sai mutum ya yarda da aƙidarsu zai yi musu adalci ba. Wanda zai ƙi abin da suke yi, ya ƙi shi a kan yadda yake, kada ya jingina musu kisan da ba su aikata ba.