Daga hunturun Illela zuwa ƙanƙarar Maroko: Ina ɗalibi zai nufa a ƙarshen mako?

A Illela, Ƙonni da Malbaza, sanyin da aka sani na hunturu ne: a ji ɗumi da asuba, kafin hantsi an tuɓe rigar sanyi. Amma ɗan yankin da karatu ya kai Maroko, Janairu na kamawa zai ji abokai na haɗa kuɗin mota domin zuwa wasan zamiya kan dusar ƙanƙara.

Wurare biyu suka fi suna. Ukaimeden na kan tsaunukan Atlas, kimanin kilomita 75 daga Marrakesh, a tudun da ya kai mita 2,600. Mishlifen kuwa na kusa da garin Ifran, ya fi kusa da masu karatu a Fes da Meknes, kuma gangarensa gajeru ne, daidai ɗan koyo.

Nisa ne zai raba gardama. Hutun kwana biyu ne kacal, kuɗin tallafin karatu kuma ba ya ɗaukar doguwar tafiya da kwanan otal. Kafin a biya mota, a tabbatar ƙanƙarar ta sauka, domin farin da Maroko ta sha a shekarun nan ya sa wani lokaci duwatsu tsirara ake tararwa.

Sanyin ma ba na wasa ba ne. A Ifran aka auna mafi tsananinsa a tarihin Afirka, maki 23.9 ƙasa da sifili, a Fabrairun 1935. Takalma da sanduna akwai na haya a can, amma riga mai kauri da safar hannu sai a taho da su.

Sabon shiga ya tsaya kan ƙaramin gangare. Karaya ana dab da jarrabawa na iya cinye shekarar da iyaye ke ƙirgawa a gida.